Tulun Iri

A bakin kogin Kholpetuwa, inda ƙasa ke koyon iyo,
Shefali Mandal ta durƙusa kan kunya,
ta laƙato laka da yatsa ta ɗanɗana.
Ba yunwa ce ta sa ta ba.
Harshe ne ma'aunin da uwarta ta bar mata gado.
Ta tofar, ta ce, “Ya ƙaru.”

Gishiri a miya sarki ne,
a gona kuwa ɓarawo ne mai farar riga.
Tun daren da guguwa ta ɓalle madatsa
teku ya shigo ba sallama,
ya kwana a ɗaki, ya kwana a rijiya,
da zai tafi ya bar musu ɗansa riƙo.

Maƙwabta sun gaji.
Sun ba wani attajiri hayar fadamunsu,
ya cika su da ruwan ɗaci yana kiwon jatan lande
da za a ci a biranen da ba su san sunan ƙauyen ba.
Haripada, mijinta, ya ce, “Mu ma mu bayar.
Kuɗi a hannu ya fi shinkafa a mafarki.”
Ta ce, “Jatan lande na ba saniya harawa?
Yana ba murhu ƙaiƙayi?”
Bai amsa ba. Ya ɗauki komarsa ya fita.

Can saman azara, inda ambaliya ba ta taɓa kai hannu ba,
akwai tulu da aka liƙe bakinsa da yumɓu,
ganyen darbejiya na gadi a ciki.
Jar shinkafa ce, gajeriya, marar farin jini a kasuwa,
wadda kaka ta ce ba ta tsoron teku.
An yi mata dariya shekarun da gona ke da zaƙi.
Yanzu dariyar ta tafi cin rani.

Burinta ba shi da tsawo:
a ɗaga daɓen ɗaki kamu ɗaya,
a samu tankin da zai riƙe ruwan sama har bazara,
hanyar Shamnagar ta daina haɗiye ƙafar keke
don kabewar da take renon ta cikin buhu
ta isa kasuwa da sauran ƙuruciyarta.
Sai Bikash,
da ke ɗinka wuyan riga ɗari shida a yini a Dakka,
yana turo kuɗi ta waya, yana ɓoye tari.
Tana so ya dawo,
amma ba dawowar wanda birni ya tofar ba.
Ya dawo don gona ta kira shi da sunansa.

Tumpa, autarta, ta aro na'ura a makaranta,
ta tsoma a ruwan, ta karanta lamba, ta rubuta.
“Nawa?” in ji uwar.
“Yadda kika ce.”
Yarinyar na son zama malamar gona,
mai babur da littafi,
wadda maza za su yi shiru in tana bayani.

Aka shuka. Aka jira.
Rabi ya ƙone tsaye kamar an bi shi da wuta,
rabi ya sunkuya da nauyin kansa.
Buhu huɗu, a filin da ya taɓa ba da goma sha biyu.
Haripada ya ƙirga sau uku, ko za su haihu.

Da dare aka yi gyaran murya a ƙofa.
Motaleb ne, wanda ya fara ba da hayar gonarsa,
gyalensa a wuya, idonsa a ƙasa.
“Akwai ɗan fegi bayan gidana da attajirin bai karɓa ba.”
Ta auna masa da ƙoƙon kwakwa, ta shafe baki.
“Ɗaya na ba ka. Biyu za ka mayar,
ɗayan kuma ba nawa ba ne, na mai zuwa bayanka ne.”

Da asuba ta je tafki ɗiban ruwa,
ta tarar da kainuwa guda, ko tafin hannu ba ta kai ba,
tana lilo a gefe.
Kainuwa ba ta zama inda gishiri ke mulki.
Shefali ba ta gaya wa kowa ba tukuna.
Ta ajiye tulu, ta tsoma yatsa,
ta kai baki.